Gizo a Goshin Wofa Gyasi

Ƙwayar asiklobir guda saba'in a ƙulle cikin leda. Farasitamol kati biyu. Auduga, safar hannu, ƙaramar tocila. Burodi manya biyu, madarar gwangwani shida, ƙullin garin taba. Kayan sawa na kwana biyu.

Iyakar abin da Afrakoma ta ɗauko ke nan daga Takoradi da asuba. Yanzu tana kujerar baya a motar haya ta biyu, wadda ta taso daga Kumasi, jaka a kan cinya, kafaɗarta matse da ta wata mai sayar da katantanwa. Ba ta kallon gonakin koko. Awa take ƙirgawa.

Ranar Litinin da sassafe ananse ya fito wa kawunta a goshi. Ananse shi ne gizo a yarensu, kuma sunan ciwon ke nan. Yau Laraba, ƙarfe uku ta wuce. Maganin ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku da fitowar ƙurajen, kuma na goshi yakan gangara ido. Mahaifiyarta ba ta ga dalilin faɗa mata ba sai jiya da yamma, shi ma a ƙarshen labarin wata jana'iza: "Af, gizo ya hau kan Gyasi. Amma Eno Dufie tana kansa, kada ki damu."

Wofa Gyasi, wato Kawu Gyasi, ƙanin mahaifiyarta ne, masaƙin kente tun kafin a haife ta. Shi ya raka ta filin jirgi ranar da ta tafi Kyuba koyon harhaɗa magani. Shi ya taro ta bayan shekara bakwai, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce ashe can ma ba a ba mutum abinci. Shekararsa sittin da huɗu, bai taɓa sa tabarau ba, kuma yakan faɗa wa kowa haka ko ba a tambaye shi ba.

Tun daga bakin lungu ta ji ƙaurin babbakar kaza da bugun turmi. Ta tsaya. A gidan mara lafiya ba a dakan sakwara da irin wannan nishaɗi.

Kawun nata yana kishingiɗe a kujera mai naɗewa a gindin mangwaro, zane a kafaɗa. Rabin goshinsa na dama fari ne fat da farar ƙasa, an kewaye shi da baƙin layi kamar an yi wa gona shinge. Fatar idon ta kumbura. Afrakoma ta ajiye jaka, ta zaro tocila, ta nufe shi.

Ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Madam Kyuba. A can haka ake shiga gida, kamar 'yan sanda?"

Ta mayar da tocilar aljihu. Ta koma ta fara musabaha daga dama: matarsa Anti Tiwaa, sai tsohuwa Eno Dufie mai maganin gizo, sai Konadu matar ɗansa da cikinta ya tsufa, sai maƙwabta maza biyu da ƙamshin miya ya kawo su duba mara lafiya. Aka ba ta kujera. Aka ba ta ruwa. Su ma suka taso ɗaya bayan ɗaya suka yi mata maraba. Kowa ya san abin da ya kawo ta, amma sai da aka tambaya.

"Lafiya lau na baro mutanen Takoradi," ta ce. "An ce Wofa ba shi da lafiya. Na kawo magani. Ina so ya fara sha yanzu."

"Kun ji," in ji Wofa Gyasi. "Gajere kamar saƙon waya. To, ki ji namu."

Ya faro tun daga Lahadin makon jiya, da ya ji kamar ana soya barkono a ƙarƙashin fatar kansa. Ya biyo ta kan wa'azin da aka yi a coci, da akuyar da ta shiga gonar maƙwabci. Afrakoma ta dubi agogonta sau biyu. Ya gani, ya ƙara rage gudu.

Da ya zo kan albishir, sai Anti Tiwaa ta karɓe. Ta shiga ɗaki ta fito da baƙin zare guda uku. Kullum da safe takan ɗora zare a bakin ƙurajen ta baya, ta zagayo kan mijinta har bakinsu na gaba, ta yanke. Tsawon zaren shi ne tazarar da ta rage wa gizo. Ran da zare ya ƙare, gizo ya zagaye kai, ƙafarsa ta gaba ta taɓa ta baya, mutum ya tafi.

"Ga na Litinin. Ga na jiya, ya ragu da ɗan yatsa biyu, ban runtsa ba. Ga na yau." Ta jera na jiya da na yau. Tsawonsu ɗaya. "Ya tsaya, Afrakoma. Ya ga shingen Eno ya rasa hanya, ya juya ƙasa. Dubi, har ya sauko hanci yana neman mafita."

Wofa Gyasi ya karkato fuska yana nuna mata, kamar mai nuna sabon agogo. A tsinin hancinsa, ɓangaren dama, ƙananan ƙuraje uku ne masu ruwa.

Afrakoma ta sunkuya ta duba su.

"Yaushe waɗannan suka fito?"

"Yau da safe. Shi ya sa kaza ta mutu a madadina."

Maƙwabta suka yi dariya.

"Wofa, wannan ciwon ba ya zagayawa. Ko an shekara ana auna shi, zaren ba zai ƙare ba. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da ka yi kana yaro. Ba ta fita daga jiki, takan kwanta a jijiya, in mutum ya manyanta ta farka. Jijiya ɗaya take bi, gefe ɗaya. Jijiyar da ta je tsinin hanci kuwa ita ce ta je ido."

"Ni ban taɓa yin ƙarambau ba."

"Mama ta ce tare kuka yi, har ka sosa naka da ɓawon masara."

"Uwarki tun tana yarinya ba ta riƙe magana."

Afrakoma ta juya ga Konadu. "Ke fa, kin taɓa yi?"

"Ban sani ba, Sista."

"Wa ke goge masa fuska?"

"Ni."

"Daga yau kin daina. Ruwan ƙurajen nan zai iya sa miki ƙarambau, kuma ba kyau ga mai ciki. Ki koma gidan mamanki har su bushe. Gobe ki je wajen awo ki faɗa musu duk abin da ya faru."

Konadu ta dubi surukarta, tana ɓoye murmushi. Ba ta yi kama da wadda aka yi wa horo ba.

"Minti nawa da zuwanta ta kore mini mai dafa shayi," in ji Wofa Gyasi. "Ki ji, 'yar yayata. Gizo ba ya shiri da asibiti. Allura ta taɓa mai gizo, a shirya makoki. Kowa ya sani. Kuma ina hannun Eno. Ba a cire mutum daga hannu a sa a wani hannu kamar kwandon tumatir. Ki wanke hannu, sakwara za ta huce."

Afrakoma ta lura Eno Dufie ba ta yi dariyar kazar ba. Da ta tashi za ta kewaya bayan madafa, sai Afrakoma ta ɗauki ƙullin taba ta bi ta.

Ta miƙa da hannu biyu. Tsohuwar ta kwance, ta shinshina, ta tsakura ta kai hanci.

"Wannan ta Techiman ce. Uwarki ce ta faɗa miki, ke ba ki da wannan wayon."

"Nana," ta ce, yadda ake kiran dattijai a nan, "gizo nawa kika yi wa shinge?"

"Wa ke ƙirgawa? Tun kafin a kawo wutar lantarki garin nan."

"Nawa suka zagaye?"

Eno Dufie ta yi atishawa, ta share hanci da bakin zane. "Shingena ba ya yoyo."

"Na wanda ya sauko hanci fa?"

Tsohuwar ta dubi kajin da ke tonon toka.

"Biyu. Wani mai sassaƙa kujeru, da wata mai toya ƙosai. Duk suna raye." Ta ƙulle tabar. "Shi idon ya yi fari. Ita tana gani kamar ta cikin hayaƙi."

"Kin faɗa wa Anti Tiwaa?"

"Mace ta kwana biyu ba barci, yau ta yanka kaza, in je in ce mata me? Kuma in na faɗa ina za su kai shi? Asibiti. A soka masa allura. Da ido ɗaya ana rayuwa, yarinya."

"Ba allura na kawo ba."

Afrakoma ta zaro kati ɗaya ta ɓallo ƙwaya ta sa mata a tafin hannu. Eno Dufie ta juya ta, ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Ɗan wannan?"

"Biyu-biyu, sau biyar a yini, kwana bakwai. Yana hana cutar hayayyafa. Kuma dole likitan ido ya duba shi. Fitila zai haska, ya ɗiga masa magani."

"Ba tsinin ƙarfe?"

"In sun fito da allura, ba za a yi ba sai an tambaye shi. Ina tsaye a wurin."

"Farar ƙasata fa?"

Afrakoma ta yi tunani. A makaranta da an tambaye ta, cewa za ta yi a wanke ta duka. "Ki bar shingen a kan lafiyayyar fata. Kan ƙurajen a wanke, kuma kada komai ya kusanci ido."

"Kuma daga hannuna zai karɓa. In ya warke, ni na warkar."

"Ke kika warkar."

"Ashe an koya muku wani abu a can." Tsohuwar ta juya za ta tafi, sai ta tsaya ta rage murya. "Konadu ta ce a rediyo an ce akwai rigakafin abin nan."

"Akwai. Na ƙarambau ga yara, na gizo ga wanda ya haura hamsin. Ba ko'ina ake samu ba, sai an nema a birni."

"Allura ce?"

"Allura ce. Kafin gizo ya zo ake yi."

"Kuna so ku rufe mini kasuwa." Ta shafa damtsenta. "Da zafi?"

"Kamar cizon tururuwa. Hannu ya yi tsami kwana biyu."

"Ba don ni nake tambaya ba."

"Na sani, Nana."

Suka dawo tsakar gida. Eno Dufie ta tsaya gaban mara lafiyarta, ta buɗe tafin hannu, ga ƙwaya biyu.

"Gyasi, haɗiye. Na duba, ba su da faɗa da shingena."

Ya dubi ƙwayoyin, ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙullin tabar da ke leƙowa daga zanenta.

"Eno, da taba aka saye ki?"

"Ta Techiman ce."

"To ni ba a saye ni ba. Mutum ya warke, an yanka kaza, a ce ya sha magani? Idona lafiyarsa ƙalau. Jiya ma na saƙa kamu huɗu, da gizon a kaina. Kenten auren 'yar Fasto ne, saura mako biyu. Ku tambayi Tiwaa."

Anti Tiwaa ta sunkuya tana gyara itacen murhu da ba ya bukatar gyara.

"In gani," in ji Afrakoma.

"Ki ga me? Mace da masaƙa?"

"Ba zama zan yi a kai ba. Shekara nawa na yi ina naɗa maka zare a kwarkwaron ƙoshiyar saƙa, kana biyana da rake?"

"Kina naɗawa kina tsinkawa."

Amma ya tashi. Ba a taɓa roƙonsa ya nuna aikinsa ya ƙi ba. Ɗakin saƙar yana gefen gida, mai ƙofar langa-langa da taga ɗaya. Ya shiga gaba, ya warware ƙyallen da ya saƙa daga jikin sandar naɗi, ya fito da shi haske yana kare idon dama da hannu. Rawaya ne da kore da baƙi, zane mai hawa-hawa kamar matakala.

Afrakoma ta bi shi da yatsa daga aikin makon jiya. Kowace matakala daidai take da 'yar'uwarta, kamar an buga da inji. Ta zo kan na jiya. Ta tsaya. Ta bar yatsan a wurin.

Ya sunkuyo. A matakala biyu, inda baƙi ya kamata ya zauna, shuɗi ne mai duhu. A ta uku kuma gefen dama ya zarce da zare biyu.

"Wa ya taɓa mini masaƙa?"

Ya juya ga matarsa.

"Tiwaa."

"Na gani tun jiya," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Na ce in bari ka ci kazarka tukuna."

"Wofa, rufe idon hagu," in ji Afrakoma. "Dubi ƙyallen da na dama kaɗai."

Ya rufe. Ya nisanta ƙyallen, ya kusanto da shi. Hawaye ya gangaro daga idon, na zafin haske. Ya buɗe na hagun, ya naɗe ƙyallen a hankali, ya juya kuskuren ciki yadda maƙwabtan da suka biyo su ba za su gani ba.

"Ku koma ku ci abinci," ya ce musu. "Ba sinima ake yi ba."

Da suka tafi, ya miƙa wa Eno Dufie hannu ba tare da ya dube ta ba. Ta zuba masa. Anti Tiwaa ta kawo ruwa a kofi. Ya haɗiye, ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci.

"Shi ke nan?"

"Saura sittin da takwas," in ji Afrakoma. Ta dubi agogo. Biyar saura kwata. "Za ka sha ruwa da yawa. Zan sa wa wayar Anti ƙararrawa."

"Ƙararrawa. Na zama ɗan makaranta."

"Kuma gobe Kumasi, wajen likitan ido. Ƙwayar nan ta fara aikinta, amma idon ya riga ya taɓu. Ni ba zan iya ganin cikinsa da tocila ba."

"A nan kuma kika yi ƙarya. Na sha abinki, ya isa. Gobe zan warware kamu huɗun nan in sake. Fasto ba zai ɗaga aure don hancina ba."

"Ka sake da wane idon?"

"Da na hagu."

"Da shi ka saƙa na jiya, ai yana buɗe."

Anti Tiwaa ta kawar da kai tana dariya ƙasa-ƙasa. Eno Dufie ta tsakuri taba.

"Gyasi," ta ce, "ka tuna Boadu mai sassaƙa kujeru?"

"Wanda kujerarsa ke rawa?"

"A da ba ta rawa."

Ya yi tsaye da ƙyallen a hannu. Afrakoma ta san shi: in aka tura shi yakan kafe, in aka ƙyale shi yakan tafi da kansa, ya ce dama niyyarsa ke nan. Daga tsakar gida ana jin maƙwabta suna gardamar wanda zai ci ƙundu.

Ya koma cikin ɗakin. Ya mayar da ƙyallen jikin sanda, ya ɗauki ƙoshiya ya sa a kwando, ya yafa wa masaƙar tsohon zane. Ya ja tagar ya sa sakata. Ya fito.

"Likitan nan, yaro ne ko babba?"

"Mace ce. Ta yi furfura."

"Ku dai kun kewaye ni." Ya gyara zanensa a kafaɗa. "Eno za ta bi mu. In na ga tsinin ƙarfe, ita za ta yi magana, ba ke ba."

"Ni rabona da Kumasi tun auren Konadu," in ji Eno Dufie. "Sai an saya mini burodi mai sukari."

"Akwai biyu a jaka," in ji Afrakoma.

"Wannan nawa ne," in ji Wofa Gyasi. "Ni ne mara lafiya."

Ya jawo ƙofar langa-langar, ta yi ƙara ta rufu. Ya sa kwaɗo, ya ja ya tabbatar, ya miƙa wa matarsa makullin.

"Kada ki ba ni ko na roƙa. Tiwaa, ki aika wa Fasto ya nemi haƙuri wajen 'yarsa. Gobe motar farko za mu bi, kuma gaba zan zauna."